Waɗanne tsirrai ne za su kama kututture su rayu a tankin kifi?

"Assalamu alaikum, Malam. Ina da tankin kifi na gilashi mai tsawon santimita 60, yana ɗaukar ruwa kimanin lita 65, kuma a cikinsa akwai ƙananan kifaye irin gufi da tetra da fileko guda ɗaya, kifin nan mai manne bakinsa a gilashi da itace yana gogewa. Na sayi busasshen kututture mai rassa na ajiye a tsakiya, ina son ganye ya lulluɓe shi kamar yadda nake gani a hotuna. Sau biyu ina sayen tsirrai. Na farko na ɗaure su a jikin itacen, cikin mako uku suka narke. Na biyu, masu faɗin ganye, na binne gindinsu a tsakuwa kusa da itacen, su ma suka ruɓe. Fitilata ƙarama ce ta LED, kuma ba ni da na'urar ƙara iskar kabon a ruwa. Waɗanne tsirrai ne masu juriya da zan maƙala a itace su rayu, kuma yaya ake maƙala su?"

Wa alaikumus salam, Malam. Idan na fahimce ka da kyau, abin da kake nema shi ne tsiron da zai rayu a cikin ruwa ba tare da an dasa shi a ƙasa ba, ya kama jikin itace da kansa, ya wadatu da hasken ƙaramar fitila, kuma kifayenka su ƙyale shi. Irin waɗannan tsirrai suna nan, ba su da yawa, kuma uku daga cikinsu sun isa su ba ka abin da kake gani a hotuna. Ban ga waɗanda suka mutu a hannunka ba, amma yadda ka kwatanta mutuwarsu ya sa nake kyautata zaton musayar wuri ka yi musu: waɗanda ka ɗaure a itace na ƙasa ne, waɗanda ka binne a tsakuwa kuwa su ne na itace. Na ga wannan kuskure a wurin mutane da dama, ni ma da shi na fara, domin duk wanda ya taɓa shuka wani abu hankalinsa yana ba shi cewa gindin shuka yana buƙatar a rufe shi.

Dalilin da ya sa wasu tsirrai suke kama itace

Tsirran da ake sayarwa domin tankin kifi ba hanya ɗaya suke bi wajen neman abinci ba. Akwai waɗanda rabonsu yake cikin ƙasa, irin su Echinodorus mai faffaɗan ganye, da Cryptocoryne, da Vallisneria mai kama da doguwar ciyawa, waɗanda saiwoyinsu suke nutsewa cikin yashi ko tsakuwa su zuƙo abin da suke buƙata, kuma idan aka ɗaure su a itace sai su rame su lalace. Akwai masu miƙaƙƙen kara da suke girma da sauri, irin su Rotala da Ludwigia da Cabomba, waɗanda suke son haske mai ƙarfi, kuma karansu mai taushi yakan ruɓe daidai inda zare ya matse shi. Ina jin cikin waɗannan ka sayo na farko.

Kashi na uku shi ne wanda muke nema. Su tsirrai ne da asalinsu bakin rafuka ne a cikin dazuzzuka masu duhuwa, inda suke tsirowa a kan duwatsu da faɗaɗɗun gungumomi. Da damina ruwa ya cika ya shanye su, da rani ya janye ya bar su a fili cikin danshi. Babban aikin saiwarsu shi ne riƙo, don kada ambaliya ta tafi da su, abinci kuwa daga ruwan da yake wucewa suke ɗaukarsa ta ganye da ta saiwoyin da suke a buɗe. Wannan rayuwa ce ta ba su ganye mai kauri, ta saba musu da inuwa, ta kuma sa suke jure sauyin yanayi.

Abin da ya kamata ka gane a jikinsu shi ne kwantaccen kara mai kauri, wanda masana tsirrai suke kira rayizom. Idan ka san yadda citta take kwanciya, ganye yana fitowa ta samanta, saiwa ta ƙasanta, to ka san siffarsa. A cikin wannan kara tsiron yake ajiye abincinsa, daga bakinsa kuma sabon ganye yake fitowa. Yana buƙatar ruwa ya riƙa ratsa shi, don haka idan aka binne shi a tsakuwa sai ya yi laushi, ya yi baƙi, ya fara wari, ganyayen su riƙa ciruwa ɗaya bayan ɗaya alhali suna kore shar. Idan haka tsirranka na biyu suka yi, to ba rauni ne ya kashe su ba, binnewa ce.

Akwai abin da za ka yi haƙuri da shi tun yanzu: juriyarsu tare take da jinkirin girma. Hotunan da kake gani na kututturen da ganye ya rufe, ko dai an sa musu tsirrai masu yawa tun ranar farko, ko kuma sun yi watanni shida zuwa shekara kafin a ɗauke su.

Anubias

Da za a ce in zaɓi tsiro ɗaya tak in ba wanda bai taɓa raya tsiron ruwa ba, Anubias zan ba shi. Asalinsa dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne. Masanin tsirrai Heinrich Wilhelm Schott ne ya raɗa wa jinsin wannan suna a 1857, nau'in da aka fi sayarwa kuma, Anubias barteri, an sa masa sunan Charles Barter, mai tattara tsirrai da ya bi ayarin binciken Kogin Neja ya rasu a can a 1859. Ganyensa kore ne mai duhu, mai tauri kamar fata, kuma ganye ɗaya yakan yi fiye da shekara a jikin tsiron bai lalace ba.

Girman tankinka ne zai zaɓa maka nau'i. Anubias barteri na asali yakan kai tsayin santimita 25 zuwa sama, wanda a tanki mai tsawon santimita 60 zai cinye wuri ya ɓoye siffar itacen. Wanda ya dace da kai shi ne ƙaraminsa da ake kira nana, wanda aka samo daga Kamaru, tsayinsa ba ya cika wuce santimita 10 zuwa 15. Akwai kuma wanda ya fi shi ƙanƙanta, nana petite, mai ganye kamar farcen yatsa, wanda yake yin kyau a kan siraran rassa. Manyan nau'o'i irin su hastifolia da gigantea ka bar wa masu manyan tankuna.

Anubias yana rayuwa a ruwa mai ɗumin digiri 22 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyas, kuma na ga ya wuce makonni na zafin da ya kai digiri 30 ba tare da ya zubar da ganye ba. Bai damu da ruwa mai gishirin ƙasa (wato ma'adinan da suka narke a cikinsa) da yawa ko marar yawa ba, matuƙar ba a riƙa jujjuya masa shi kullum ba. A tankin da babu ƙarin iskar kabon yakan fitar da ganye ɗaya a cikin mako uku ko huɗu, kuma wannan ba alamar ciwo ba ce, tafiyarsa ke nan. Wani lokaci ma yakan yi fure fari a ƙarƙashin ruwa.

Rauninsa guda biyu ne. Na farko gansakuka: tun da ganyen yana daɗewa kuma ba ya girma da sauri, idan haske ya yi masa yawa sai korayen ɗigo-ɗigo masu tauri su zauna a kansa, ko baƙin gashi mai kama da gemu ya fito a gefunansa. Maganin wannan shi ne a maƙala shi a ƙasan itacen ko a ɓangaren da rassa suka yi wa inuwa, kada a ɗora shi a ƙololuwa dab da fitila. Na biyu ruɓewar kwantaccen kara, wadda takan zo tun daga wurin mai sayarwa. Kafin ka biya kuɗi, ka matsa karan da yatsa: mai lafiya yana da tauri, kore ne, ba shi da wari. Idan daga baya ka ga wani sashe ya yi laushi, ka fito da tsiron, ka yanke wurin da reza mai tsabta har sai ka isa nama mai tauri, sannan ka mayar da sauran.

Java fern

Na biyu shi ne wanda masu sayarwa suke kira Java fern, sunansa na kimiyya da aka fi sani Microsorum pteropus, kuma asalinsa Kudu maso Gabashin Asiya ne. Ganyensa dogo ne mai tsini, yakan kai santimita 15 zuwa 30, don haka shi ne zai ba kututturenka tsayi da cika ta baya, yayin da Anubias yake rufe gaba. Kwantaccen karansa siriri ne, saiwoyinsa kuma baƙaƙe ne masu kama da gashi, har wasu sukan ɗauka sun mutu su yanke su, alhali launinsu ke nan. Yawancin kifayen da suke cin ganye ba sa son ɗanɗanonsa.

Yana da nau'o'i da yawa. Akwai mai siririn ganye, akwai mai ganye rabe kamar yatsu da ake kira trident, akwai kuma Windelov mai tsattsagaggen baki, wanda aka sa wa sunan Holger Windeløv, mutumin da ya kafa kamfanin tsirran ruwa na Tropica a Denmak a 1970. Dukansu halinsu ɗaya ne wajen juriya. A tanki irin naka na fi son mai siririn ganye ko Windelov, domin na asali idan ya ji daɗin wuri yakan cika rabin tanki.

Abubuwa biyu ne suke tayar wa sabon mai kiwo hankali game da shi, kuma babu wanda ya kai a damu. Ɗigo-ɗigo masu launin ƙasa da suke jere a bayan tsohon ganye ba cuta ba ce, jakunkunan irinsa ne. Haka nan idan ganye ya tsufa ko ya wahala, sai ka ga ƙananan tsirrai sun fito a bakinsa, kowanne da ganyensa da saiwarsa. Ka bar su har su kai santimita 3 ko 4, sannan ka cire su ka maƙala a wani wuri. Kusan duk Java fern da yake tankunana yanzu daga guda biyu da na saya shekaru da suka wuce ya fito ta wannan hanya. Abin da ya cancanci damuwa shi ne ganyaye su riƙa yin baƙi suna narkewa da yawa a lokaci ɗaya, wanda yawanci yakan biyo bayan sauyin ruwa na farat ɗaya ko ƙarancin abinci a ruwan. Ko a nan ma, idan karan yana da tauri, ka yanke ganyayen da suka lalace ka jira, zai sake tohowa.

Mos

A Hausa da koren abin da yake ɓata gilashi da wannan tsiron duka gansakuka muke ce musu, amma a tankin kifi dole a raba su, don haka zan kira tsiron da ake shukawa da gangan mos, in bar wa mai ɓarnar sunan gansakuka. Wanda ya fi kowanne juriya shi ne mos ɗin Java, Taxiphyllum barbieri, wanda aka daɗe ana sayarwa bisa kuskure da sunan Vesicularia dubyana. Ba shi da saiwa ta gaskiya, wasu ƙananan zaruruwa ne yake kama itace da su. Shi ne yake sa sabon kututture ya yi kama da wanda ya shekara a rafi, kuma yana da amfani na musamman a wurinka, domin 'ya'yan gufi sukan ɓuya a cikinsa su tsira daga manya, su kuma sami ƙananan halittun da suke ci.

Sai dai mos ya fi sauran biyun neman kulawa. Ba ya son zafi: idan ruwa ya daɗe sama da digiri 28 sai ya fara yin launin ƙasa, ya daina girma. Yana tara datti kamar soso. Idan kuma aka bar shi ya yi kauri, na ƙasa ya rasa haske ya mutu, wata rana sai dunƙulen gaba ɗaya ya ɓalle daga itacen ya taso sama. Saboda haka ana shimfiɗa shi siriri ne tun farko, yadda za ka iya hango itacen ta cikinsa, sannan a riƙa aske shi da almakashi duk bayan 'yan makonni, a zuƙe guntayen da tiyo lokacin canjin ruwa don kada su toshe matatar ruwa. Idan ɗakin da tankinka yake yana da zafi sosai, ka fara da Anubias da Java fern, ka gwada mos a reshe ɗaya kawai ka ga yadda zai yi. Ƙaramar fanka da take hura saman ruwa takan sauke ɗuminsa da digiri ɗaya zuwa uku, amma za ka riƙa cika ruwan da ya ƙafe.

Waɗanda za ka jinkirta, da waɗanda za ka guje wa

Akwai tsirrai biyu masu kyau da su ma itace suke kamawa, amma ba zan ba ka shawarar farawa da su ba. Bolbitis heudelotii, wanda shi ma ɗan Afirka ne, yana da ganye kore mai duhu da haske yake ratsawa, amma yana son ruwa mai gudu, mai ɗan sanyi, marar gishirin ƙasa da yawa, kuma a tankin da babu ƙarin iskar kabon yakan yi watanni a tsaye. Bucephalandra kuwa daga tsibirin Borneo kaɗai yake fitowa, ganyensa ƙanana ne masu ƙyalli, amma yakan zubar da su idan aka sauya masa ruwa, kuma an kwashe da yawa daga rafukan asalinsa domin kasuwa. Idan ka kai ga sayensa, ka nemi wanda aka raina a gona ko a ɗakin gwaji.

Abin da za ka guje wa gaba ɗaya shi ne tsirran tudu da ake jerawa cikin ruwa a sayar a matsayin na tanki. Daga cikinsu akwai Dracaena mai ganye da ratsin fari, da Ophiopogon mai kama da ciyawa, da Selaginella. Sukan yi wata ɗaya ko biyu da kyan gani, sannan su ruɓe su ɓata ruwa. Ka nemi a faɗa maka sunan tsiro kafin ka saya, kuma ka duba da idonka ko yana da kwantaccen kara.

Shi kansa itacen

Ba ka faɗi irin itacen da ka saya ba, kuma yana da tasiri. Mopani, wanda ake kawowa daga kudancin Afirka, da baƙin itacen da ake kira na Malesiya, suna da nauyi, suna nutsewa da kansu, amma suna fitar da tanin, sinadarin nan na ɓawon itace da ake jima da shi, wanda yake mayar da ruwa kamar shayi. Ba ya cutar da kifi, tetra ma sun fi sakewa a irin wannan ruwa, sai dai yana rage hasken da yake isa ga ganye. Jiƙa itacen a bokiti na mako ɗaya ko biyu ana canja ruwa, ko tafasa shi na awa ɗaya zuwa biyu, yana rage shi sosai. Itatuwa masu siraran rassa sukan yi iyo da farko, don haka kada a maƙala musu tsiro sai sun sha ruwa sun zauna, ko a danne su da dutse. Farin yauƙi da yake fitowa a jikin sabon itace a makonnin farko ba shi da illa, filekonka zai ci, sauran kuma ya ɓace da kansa, amma idan ya hau kan mos ka zuƙe shi. Ɗanyen itace, da mai ƙaro ko ƙamshi mai ƙarfi, da wanda aka yi wa fenti, duk ba su da wuri a tanki. Itace mai kaushi da tsaguwa ya fi mai santsi sauƙin kamawa ga saiwa.

Yadda ake maƙalawa

Idan tsiron ya zo a ƙaramin tukunya, ka fito da shi, ka cire duk audugar da aka naɗe saiwarsa da ita, ka wanke shi, ka yanke ganyayen da suka lalace da saiwoyin da suka ruɓe. Dogayen saiwoyi za ka iya rage su zuwa santimita 2 ko 3, domin tsofaffin ba su ne za su kama itacen ba, sababbin da za su fito ne. Idan karan dogo ne kana iya raba shi, amma kowane yanki ya kasance da ganye uku ko huɗu aƙalla. Ka yi aikin a waje da tanki, kana yayyafa wa ganyen ruwa don kada ya bushe.

Hanya mafi sauƙi ita ce a soke tsiron a wata tsaga ko mahaɗar rassa, yadda zai zauna ba tare da an matse karan ba. Inda babu tsaga, ana ɗaurewa da zaren auduga mai duhun launi, wanda zai ruɓe da kansa bayan 'yan makonni, daidai lokacin da ake fatan saiwa ta kama. Zaren fatsa na roba ba ya ruɓewa, don haka ya fi dacewa da mos da kuma tankin da yake da kifaye masu ture-ture, amma dole a ɗaure shi dab da itace a yanke bakinsa, domin fileko yana iya sarƙewa a madaukin da ya yi sako-sako. Ko da wanne ka ɗaure, ɗaurin ya zama na riƙewa, kada ya shiga cikin naman karan.

Ni kaina yanzu gam na fi amfani da shi, irin mai kamawa nan take da aka fi sani da sufa gulu, wanda aka rubuta cyanoacrylate a jikinsa, kuma mai kauri ya fi mai ruwa-ruwa. Danshi ne yake sa shi ya daskare, kuma da zarar ya daskare ba ya cutar da kifi. Ɗigo ɗaya ko biyu ya isa: ka sa a kan itacen, ka ɗora saiwoyin ko ƙasan karan, ka danne na kimanin daƙiƙa 30. Kada gam ya taɓa bakin karan inda sabon ganye yake fitowa, kada kuma ya zagaye karan. Yakan yi fari a cikin ruwa, shi ya sa ake sa kaɗan a inda ganye zai rufe. Ka lura da inda bakin karan yake kallo, domin can tsiron zai bi, don haka ka juya shi ya fuskanci wurin da kake son ya rufe.

Bayan haka sai a ƙyale shi. Saiwa takan ɗauki mako huɗu zuwa takwas kafin ta kama sosai, kuma duk lokacin da aka ɗaga tsiro don a duba ko a sauya masa wuri, an mayar da aikin baya. Idan wasu tsofaffin ganyaye suka yi rawaya a watan farko kada ka firgita, domin yawancin gonaki a waje da ruwa suke rainon waɗannan tsirrai, sai sun shiga tanki suke sabawa. Sabon ganye shi ne ma'auni.

Haske da abinci

Ƙaramar fitilarka ta isa, kuma rashin na'urar iskar kabon ba zai hana waɗannan ukun rayuwa ba. Ka kunna fitilar awa 6 zuwa 8 a rana, a lokaci ɗaya kullum, ka kuma nisantar da tankin daga inda rana take dukansa kai tsaye. Mutane da yawa idan suka ga tsiro ba ya sauri sai su ƙara haske, alhali tsiron ba zai iya amfani da ƙarin ba, gansakuka ce take cin moriyarsa.

Tun da daga ruwa suke ci, takin da ake binnewa a tsakuwa ba zai amfane su ba. Kashin kifi da ragowar abinci suna ba da naitirojin da fosfaras, amma fotasiyam da ƙarfe sukan yi ƙaranci. Ƙananan huji a tsohon ganye yawanci alamar ƙarancin fotasiyam ce, sabon ganye da ya fito fari-fari kuma ta ƙarancin ƙarfe. Takin ruwa na tankin kifi, rabin abin da aka rubuta a kwalba sau ɗaya a mako, shi nake farawa da shi, kuma kada a yi amfani da takin gona. Ka riƙa canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako, da ruwan da aka kashe wa kulorin, wanda ɗuminsa ya yi kusa da na tankin. Wannan ƙiyasi ne na farawa, domin ruwan kowane wuri da halinsa, kuma ganyen da tsiron zai fitar a watanni biyu na farko zai nuna maka ko ka ƙara ko ka rage fiye da yadda ni zan iya daga nesa.

Gufi da tetra ba za su taɓa waɗannan tsirrai ba. Filekon ne abin lura. Idan ƙarami ne mai gashin baki, wato Ancistrus, zai goge itacen da ganyen Anubias ba tare da ɓarna mai yawa ba, sai dai yana iya ture mos kafin ya kama. Idan kuwa fileko na gama-gari ne, yakan wuce santimita 30 idan ya girma, kuma tanki mai lita 65 ba zai ɗauke shi ba, don haka ka fara tunanin inda za ka mayar da shi tun yanzu.

Da ni ne da tankinka, zan sayi Anubias nana guda uku ko huɗu da Java fern mai siririn ganye guda biyu, da ɗan dunƙulen mos da bai wuce cikin tafin hannu ba. Zan fito da kututturen in ɗora a kan tebur yadda yake zaune a tanki, in sa Java fern a bayansa wajen tsakiyar tsayinsa, in jera Anubias a gindi da mahaɗar rassa inda inuwa take, in shimfiɗa mos siriri a reshe ɗaya ko biyu na sama, in bar aƙalla kashi ɗaya cikin uku na itacen a fili domin fileko ya sami wurin gogawa kuma siffar itacen ta fito. Sannan in ɗauki hotonsa a ranar, in sake ɗauka bayan mako takwas, domin wanda yake kallon tanki kullum ba ya ganin girman waɗannan tsirrai sai ya gwama hotuna biyu. Idan a hoto na biyu ka ga fararen saiwoyin Anubias sun bi jikin itacen, kana iya yanke zaren da ya rage.